Wace tsoka ce ke jan gefen baki sama idan mutum ya yi murmushi?

Mai Hoto Fagge:

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina da ɗan shago a Fagge. Ranakun aiki fasfo ne da hoton takardun makaranta, Asabar da Lahadi kuwa sai wuraren biki, kamu da ɗaurin aure da dina. Mai wannan sana'a ko bai so ba sai ya zama ɗan kallon fuska, don da daddare in na zauna gyaran hotuna a kwamfuta nakan buɗa fuskar mutum har ta cika allon, ina share ƙuraje ina daidaita haske. A nan ne wasu abubuwa suka riƙa tsaya mini a rai.

Ga ango ya sha babbar riga, na ce "ango, a ɗan yi murmushi mana", sai ya yaƙe mini haƙora. Baki dai ya buɗe, amma daga hanci zuwa sama babu abin da ya motsa. Can sai wani abokinsa ya jefo masa zolaya daga baya, murmushi ya kuɓuce masa, na danna. In ka jera hotunan nan biyu sai ka rantse ba mutum ɗaya ba ne. A na biyun kumatu sun hau sama, ido ya ƙanƙance, fatar gefen ido ta tattare. Kuma a dukkansu ina ganin kamar akwai abin da ke jan fatar a karkace, daga ƙashin nan na ƙasan ido zuwa gefen baki. Tsoka ce guda a wurin, ko kuwa idona ne kawai?

Sai kuma 'yata, 'yar shekara huɗu. In ta yi dariya kuncinta na hagu yana lotsawa, na dama ko alama. Ni ba ni da shi, uwarta ba ta da shi. Mene ne a cikin kuncin da ke jawo wannan ɗan ramin, kuma don me ɓangare ɗaya?

Amma abin da ya sa ni zama in yi rubutun nan wani dattijo ne da ya zo ɗaukar fasfo na tantance 'yan fansho. Bakinsa ya karkace zuwa dama, idonsa na hagu ba ya rufuwa sosai, hawaye na bin kunci yana ta sharewa da hankici. Ya ce da asuba ya tashi alwala, ya ɗebi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya tsiyaye ta gefe. Maƙwabta sun ce marin aljani ne, ana ta yi masa hayaƙi. Ya roƙe ni in miƙe masa bakin a kwamfuta. Na ce Baba, hoton tantancewa ne, in na taɓa shi za su iya ƙin karɓa. Ya biya ya tafi, ni kuwa abin bai sake ni ba. Masu ilimin jikin ɗan'adam, don Allah a warware mini yadda zan gane.

Maman Ummi:

Wa alaikumus salam. Na tsoka kam sai masana, amma na dimful, wato lotsawar kuncin, ka bincika dangi. Ni 'ya'yana biyar, guda ce mai shi, kuma babu mai shi tsakanina da babansu. Sai da muka je Haɗeja gaisuwa na ga ƙanwar kakarsu, tsohuwa tukuf, tana dariya kuncinta na loɓawa a daidai wurin. Ka kuma sani ba lallai ya zauna ba. Ɗan yayata yana jariri har biyu gare shi, da ya girma kumatun suka zube sai suka ɓace.

Angwayen naka kuwa ka yi musu uzuri. Mutum ya kwana uku bai runtsa ba, ga bashin mai abinci, ga ka da kyamara a hancinsa, ina zai samo murmushi? Allah ya ba Baba lafiya.

Malam Na-Zariya:

Malam Mai Hoto, idonka bai yi maka ƙarya ba. Ni ilimin sassan jiki nake koyar da ɗaliban aikin jinya, kuma abin da ka gano a allon kwamfuta, wasu ɗalibaina sai an kusa jarrabawa suke gane shi.

Tsoka ce, a littattafanmu sunanta zaigomatikus meja. Kowa biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗora yatsa a wutsiyar idonka ta wajen kunne, ka gangaro kaɗan, za ka ji ƙashi mai tudu. Daga gefen wannan ƙashin ta taso, ta biyo a karkace ta cikin kitsen kumatu, ta ƙare a gefen baki. In ta tsuke sai gefen baki ya yi sama kuma ya yi waje, ya nufi kunne. Ka bar yatsan a tsakiyar kunci ka yi murmushi, za ka ji wurin ya taso ya yi tauri.

Wanda ya gan ta a ɗakin fiɗar gawa yakan yi mamakin ƙanƙantarta. Siririya ce, faɗinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tsawonta kamar na manuniya, launinta a koɗe, tana kwance cikin kitse rawaya. Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗaye ta tare da fata ya zubar bai sani ba, sai ya zo yana ce maka wannan gawar ba ta da ita. Dalili shi ne tsokokin fuska ba irin na hannu da ƙafa ba ne. Na damtse daga ƙashi suke tashi su kama wani ƙashin, aikinsu lanƙwasa gaɓa. Na fuska kuwa galibi daga ƙashi suke tashi su shige cikin fata ko cikin 'yan'uwansu tsokoki, babu gaɓar da suke motsawa, fatar kanta suke ja. Shi ya sa ɗan tsukewa kaɗan ke sauya kamannin mutum gaba ɗaya.

Inda ta ƙare ma abin a taɓa ne. Wanke hannu, ka sa babban yatsa cikin baki, manuniya a waje, ka matsa naman da ke wajen santimita 1 daga kusurwar baki. Za ka ji wani ɗan ƙulli mai kauri da ke motsi. Sunansa modiyolus. Nan ne mahaɗar tsokoki da dama: wadda muke magana a kanta, da mai ɗaga kusurwar baki daga ƙasan ido, da mai janta ƙasa in an ɓata rai, da ta cikin kumatu da ke tura abinci tsakanin haƙora, da wadda ta zagaye leɓe. Kowacce tana jan ƙullin nan zuwa wajenta, inda ya tsaya shi ne yanayin bakin mutum a wannan lokacin. Akwai kuma ƙanwarta, zaigomatikus maina, a gefenta ta wajen hanci, ita leɓen sama take ɗagawa. Sai wata risoriyus da ke jan baki a miƙe zuwa gefe ba tare da ɗagawa ba. Wannan ba kowa ke da ita ba, wani ma a ɓangare ɗaya kawai. In aka matsa wa mutum ya yi murmushin dole, da yawa a miƙe suke jan bakin, abin da kake kira yaƙe ke nan.

Tun da sana'arka ce, ga wani abu da za ka iya gwadawa a tarin hotunanka. A 1974 wani likitan gyaran fuska a Amurka mai suna Rubin ya duba murmushin mutum 100 ya kasa shi uku. Mutum 67 gefen bakinsu ne ke fara tashi, wato zaigomatikus ce ke da rinjaye. Mutum 31 leɓen sama ne ke fara ɗagawa har fiƙa ta bayyana. Mutum 2 kacal ne ke buɗe sama da ƙasa lokaci guda, haƙora duka a waje.

To, waye ke ba ta umarni? Jijiya ta bakwai cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Tana bi ta wata ƙuntatacciyar hanya cikin ƙashin kunne, ta fito ta wani ɗan rami a ƙasan kunne, ta kutsa cikin ƙullutun da ke yin miyau, wanda ke kumbura in yaro ya yi hangum. A ciki take rabuwa rassa biyar: na goshi, na ƙashin kunci, na kumatu, na muƙamuƙi, na wuya. Reshe na biyu da na uku ne ke zuwa ga tsokar murmushi.

Ga amsar angonka. Jijiyar guda ce, amma saƙon da ke shigo mata daga ƙwaƙwalwa ta hanya biyu yake zuwa, kamar gidan da ke da layin wutar gwamnati da na janareta, duk ƙwan fitila ɗaya suke kunnawa. Hanya ta farko ta ganganci ce, daga saman ƙwaƙwalwa inda ake ba gaɓoɓi umarni. Ita ce ke aiki in ka ce "a yi murmushi". Ta biyu daga can ciki take tasowa, wuraren da ke kula da jin daɗi da ɓacin rai, ba ta jiran izinin mai ita. Ita ce ta yi aiki da abokin ya yi zolaya. Likitoci sun tabbatar hanyoyin biyu ne saboda marasa lafiya. Akwai mai shanyewar ɓarin jiki da za ka ce ya nuna haƙora, ɓangare ɗaya ya ƙi tashi, amma jikansa ya faɗi abin dariya sai ka ga baki ya tashi daidai dama da hagu. Akwai kuma akasin haka: mutum yana iya yi in an ce ya yi, amma in abin dariya ya zo ɓangare ɗaya ba ya motsi.

Hanya ta biyun ba zaigomatikus kaɗai take tasarwa ba, tana haɗawa da tsokar da ta zagaye ido, obikularis okuli. Ita ce ke ɗaga kumatu, ta ƙanƙance ido, ta tattare fatar gefensa. Wanda ya fara rubuta wannan a fili wani likita ne Bafaranshe, Dushen, wanda ya rayu daga 1806 zuwa 1875. A birnin Paris ya samu wani tsoho marar haƙora da fatar fuskarsa ba ta jin zafi sosai, ya riƙa ɗora masa wayoyin lantarki a kan tsoka ɗaya bayan ɗaya yana kallon abin da kowacce ke yi. Da ya taɓa zaigomatikus, baki ya yi murmushi amma ido a bushe. Da aka ba tsohon labarin ban dariya, sai ga ido ya shigo. Kuma ka ji abin da zai yi maka daɗi: da taimakon ɗan sana'arku ya yi aikin, mai ɗaukar hoto Adrien Tournachon. Littafin ya fito a 1862 cike da hotuna, masanin halittu Darwin ma ya ari wasu ya sa a nasa littafin na 1872. Daga baya, a 1978, wasu masana biyu, Ekman da Friesen, suka tsara wa motsin fuska lambobi: jan gefen baki lamba 12, ɗaga kumatu lamba 6. Hotonka na farko 12 ne zalla, na biyu 12 da 6. Da Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, saman fuskar ya kamata a tambaya.

Hanyar nan ta biyu ba koyonta ake yi ba. Jariri yakan fara yi wa uwarsa murmushi wajen mako 6 zuwa 8, kusan lokacin da aka gama wankan jego. An kuma ɗauki hotunan 'yan wasan judo makafi a gasar nakasassu ta 2004 a Atina, cikinsu har da waɗanda aka haifa ba sa gani, aka tarar fuskarsu a lokacin nasara iri ɗaya ce da ta masu ido.

Lotsawar kunci kuwa, bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tsokar ce ta rabu biyu a hanya. Reshe ɗaya ya tafi gefen baki yadda aka saba, ɗayan ya ƙare ƙasa da shi, kuma a tsakiyar tafiyarsa ya liƙe da fatar kunci. In ta tsuke sai ta jawo wannan ɗigon fatar ciki. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 an fede ɓarin fuska 50, aka samu rababbiyar tsoka a 17. Ka ga ba abu ne mai wuyar samu ba, sai dai ba kowace rababbiya ce ke kama fata ba. Dama da hagu kuma ba dole su zama iri ɗaya ba, don haka 'yarka lafiyarta ƙalau. Abin da Maman Ummi ta faɗa gaskiya ne, yana bin dangi amma yana tsallake, kuma yawan kitsen kumatu na ƙara fito da shi ko ya ɓoye shi.

Dattijon nan, in kana da hanyar samunsa, a kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Akwai 'yar'uwarmu a nan da kullum irinsu take gani, ita zan bar wa bayanin.

Mai Hoto Fagge:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ina karantawa ina matsa gefen bakina, yaron shagona yana kallona yana zaton haƙori ke damuna. Ƙullin nan kuwa yana nan, na ji shi. Na kuma buɗe hotunan wani biki na fara ƙirga, masu fara ɗaga gefen baki sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Baban na san layinsu, ɗansa yana sayar da katin waya a bakin titi, zan aika masa. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Bakin dama ya karkace, idon hagu ne kuma ba ya rufuwa. Ciwon a wane ɓangare yake ke nan? Kuma shi ma shanyewar ɓarin jiki ce ke shirin kama shi?

Anti Fisiyo:

Ɗan'uwa, ciwon a hagu yake. Nan ne kusan kowa ke ruɗewa, har na sha ganin an shafe ɓangaren da ke lafiya da man zafi ana ta murzawa. Tsokar hagu ce ta daina ja, ta dama kuma tana nan da ƙarfinta babu mai ja da ita, sai ta kwashe bakin zuwa wajenta. Ka lura, in ya yi shiru karkacewar kaɗan ce, in ya yi magana ko dariya sai ta ƙaru.

Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma yadda ka siffanta shi ya yi kama da abin da muke kira shanyewar fuska ta Bell, sunan wani likita ɗan Sikotlan da ya yi bayanin jijiyar a 1821. Jijiyar ce ke kumbura a cikin ƙuntatacciyar hanyar nan ta ƙashin kunne da Malam ya ambata, babu wurin buɗawa, sai ta matse saƙo ya daina wucewa. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu abin ke sauka. Wasu suna jin ciwo a bayan kunne kafin nan, wasu abinci ya daina yi musu ɗanɗano a gefen harshe, wasu kuma ƙara ta riƙa yi musu yawa a kunne ɗaya, domin jijiyar tana da ƙananan rassa zuwa duk waɗannan wurare. Yana kama kowa, amma ya fi samun masu ciwon suga da mata masu tsohon ciki.

Gwajin farko da muke yi ba ya buƙatar na'ura. Sai mu ce ɗaga gira, kamar ka ga abin mamaki. In goshin ɓangaren ya ƙi tattarewa, ido kuma ya ƙi rufuwa, to matsalar a jijiyar take bayan ta baro ƙwaƙwalwa. In kuwa goshi yana tattarewa lafiya, ido na rufuwa, baki kaɗai ne ya karkace, to hankalinmu ya fi tashi, don alama ce daga ƙwaƙwalwa abin yake. Dalili: goshi yana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa kusan daga ɓangare ɗaya. In aka haɗa da nauyin hannu ko ƙafa, ko magana ta sarƙe, ko jiri mai tsanani, wannan ba a jira gari ya waye, asibiti ake nufa nan take. Kuma ko goshin ya shanye, sai likita ya leƙa kunne ya taɓa gefen muƙamuƙi, domin kunne mai zubar da mugunya, da ƙari a ƙullutun miyau, da karayar ƙashin kai a haɗarin babur, da kuturta, duk suna iya taɓa wannan jijiya.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne maganin rage kumburin, firedinisolon, a cikin awa 72 na farko ya fi amfani. A wani babban gwaji da aka yi a Sikotlan aka buga a 2007, bayan wata 9 kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun warke sarai, waɗanda ba su sha ba kashi 82. Ka ga ko ba magani mafi yawa suna warkewa, shi ya sa duk abin da aka yi wa mutum a gida, hayaƙi ne ko shafi, shi ake ba ladan. Waɗanda suka rage a karkace kuwa ba a ba da labarinsu. Ni ban hana kowa addu'a ba, a yi ta, amma a yi ta a hanyar asibiti. Kuma kada a je kemis a saya masa maganin nan da ka, dattijo ne, in yana da suga ko hawan jini zai iya tayar masa da su.

Bakin ne ke damun marar lafiya saboda kunya, mu kuwa ido ne ke hana mu barci. Idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa, ƙura ta shiga, baƙin idon ya yi gyambo, a rasa gani a banza. Hayaƙin da ake yi masa ma ƙara masa yake yi. Yana buƙatar ruwan ɗigawa na jiƙa ido da rana, man ido da daddare, a rufe fatar da filasta mai laushi kafin ya kwanta, in zai hau babur ya sa tabarau. In ya yi ƙoƙarin rufewa kuka ga baƙin idon ya yi sama fari ya bayyana, kada a firgita. Mafi yawan mutane haka idonsu ke yi in sun rufe, fatar ce kawai ke ɓoye mana.

Daga baya sai aikinmu na fisiyo, wato farfaɗo da tsoka ta hanyar motsa ta: motsa fuska a hankali gaban madubi, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. Jijiyar da ta lalace tana tsirowa wajen milimita 1 a rana, kuma wani zaren yakan ɓace hanya. Wanda ya kamata ya je tsokar murmushi sai ya je ta ido, mutum ya yi murmushi ido ya rufe da kansa, ko ya ƙifta gefen baki ya motsa. Wani ma in yana cin abinci sai hawaye.

Malam Na-Zariya, a gafarce ni zan ɗan ja da kai a kan Dushen. Shi ya ɗauka babu mai iya tsuke tsokar ido da gangan, amma binciken baya-bayan nan ya nuna mutane da yawa suna iyawa. Ni ma ina koya wa marasa lafiya a gaban madubi. Saboda haka ido ya ƙanƙance ba shaidar zuciya fara ba ce, mayaudari ma ya iya.

Ɗan Wanzam:

Ni tambayata ta gado ce. Kakana da babana wanzamai ne, na tashi ina riƙe musu zabira. Sun yi wa jarirai tsaga ba adadi, har da wadda ake yi daga gefen baki zuwa kunci, daidai inda Malam ya ce tsokar take. Ban taɓa jin wanda bakinsa ya karkace saboda tsaga ba. Yaya aska ba ta yanke ta? Na biyu, ana yawan turo mana a WhatsApp wai murmushi tsoka 17 yake ci, ɗaure fuska kuma 43, don haka a riƙa fara'a. Gaskiya ne?

Malam Na-Zariya:

Anti Fisiyo, na karɓa. Abin da zan tsaya a kai shi ne wanda aka ce wa "yi murmushi" ba shiri, galibi baki kaɗai yake motsawa. Wanda ya ƙware kuwa, ɗan wasan kwaikwayo ko ɗan siyasa a lokacin kamfe, ya san yadda zai haɗa da ido.

Ɗan Wanzam, askar kakanka fata take tsagawa, ba ta nitsa. A ƙarƙashin fatar akwai kitse, kuma kumatun jariri cike suke da shi, sannan a iso tsokar. Jijiyar kuma ta ƙarƙashin tsokar take shigarta, ba ta sama ba, wato tsokar kanta garkuwa ce gare ta. Sai sara mai zurfi, na wuƙa ko gilashin mota, musamman a gaban kunne inda rassan ba su gama rarrabuwa ba, shi ke kashe ɓarin fuska. Kusa da baki rassan sun yi yawa kuma suna haɗuwa da juna, in ɗaya ya yanke wani yakan rufa masa. Haɗarin tsaga a wani wurin yake, askar da aka yi wa wani da ita ba a dafa ba.

In jijiyar ta mutu ba ta dawo ba, tsokar tana jira wajen shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan ta shanye ta zama zare, ko an gyara jijiyar ba za ta ƙara amsawa ba. Akwai kuma yaran da ake haifa jijiyar ba ta ginu ba sam, ciwon Mobiyus, suna jin daɗi suna dariya da murya amma fuska ba ta motsi. Irin waɗannan ake yi wa dashe. A 1976 wani likita a Japan, Harii, ya ba da rahoton yanko wani yanki na siririyar tsokar cikin cinya, girasilis, tare da jijiyoyin jininta da jijiyar saƙonta, ya dasa a fuska. Yau ana ɗinke kai ɗaya wajen ƙashin kunci, ɗayan a ƙullin gefen baki, a bi layin da zaigomatikus take bi. Sai a nemo mata mai ba ta umarni. In an jona ta da jijiyar tsokar tauna, da farko sai mutum ya cije haƙora sannan murmushi ya fito, a hankali ya saba. In kuwa an jawo saƙo daga jijiyar fuska ta ɓangaren da ke lafiya, da wata jijiya da aka ciro daga ƙafa aka shimfiɗa ta ƙarƙashin leɓen sama, aikin ya fi daɗewa, amma murmushin yakan zo da kansa lokacin da abin dariya ya zo.

Batun 17 da 43 kuwa, babu binciken da aka ɗauko shi. Wani saƙon zai ce 13 da 33, wani 26 da 62, kowa da nasa. Ba zai ma ƙirgu ba, tunda ka ji wani yana da risoriyus wani ba shi da ita, wani tsokarsa rababbiya ce. Ɗan murmushin gefen baki zaigomatikus meja ta dama da ta hagu sun kusa isarsa, na dariya sosai kuwa yana jawo na leɓe da na hanci da na ido. In mai turo saƙon yana son hujjar fara'a, hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne ya ishe shi, ya bar lissafin.